Zuwa ga Balkisa, Kafin Ki Zauna Kan Shafin Kawunki

Matameye

'Yata Balkisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kyau, ina yi miki barka da sauka. Allah Ya sa wannan takarda ta same ki a Damagaram cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ki a hanya da bayan hanya, Ya kare ki daga sharrin wanda kika sani da wanda ba ki sani ba.

Na tura ta ƙarƙashin atamfofinki don na san ba za ki kai hannu can ba sai kin isa. Kin san halina. In na ɗauko maganar shafin nan da baki sai muryata ta tashi, ke kuma ki sunkuyar da kai ki yi shiru har in gama, mu tashi ba wadda ta ƙaru. Da yatsu na fi iya magana, shi ya sa na zauna a shago na buga miki.

Ban hana ki wannan tafiya ba, kuma ba zan hana ki ba. Kin gama karatu, kin daɗe zaune kina taya ni fotokopi, aiki bai zo ba. Kawunki Lawali ya ce ki je ki riƙe masa shafin kasuwancinsa na intanet, ki riƙa rubutu kina amsa wa masu saye. Aiki ne na halal. Amma kina ƙarama aka kafa shafin nan, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da ke ya gaya miki yadda aka yi tun daga farko. Ba don ki tsani ƙanena nake rubutawa ba. Wautata nake so ki gani da idonki, don ki bi ta gefenta.

Lokacin da na bar aikin sakatariya, keken rubutu na fi sabawa da shi. Marigayi babanki, Malam Isufu, shi ya ce in buɗe wurin kaina kusa da tasha, ya taimaka muka sayo ordinata, wato kwamfuta, ta hannu da injin buga takarda. Wanda ya sayar mana ya cika ta da manhajoji, ta rubutu, ta lissafi, ta gyaran hoto, ya ce duk kyauta ya ba ni. Na yi ta godiya. Ban tambaye shi daga ina suka fito ba. Ashe na sata ne, an fasa su ne aka kwafo. Sun yi aiki na wani lokaci, sannan wani saƙo ya fara fitowa duk sanda na kunna. Ni kuwa sai in rufe shi ban karanta ba, saboda mutane na tsaye suna jira. Ranar da ta ƙi buɗewa gaba ɗaya na kira wani mai gyara, ya sauko da wani abu daga intanet ya ce zai kashe saƙon har abada. Ya kashe saƙon kam. Amma abin da ya sauko da shi ɗauke yake da birus, cutar nan ta ordinata, ya cinye duk takardun da ke cikin ordinatar, ya kuma bi duk kilen da aka soka mata, ɗan abin nan da mutane ke ɗaukar takardunsu a ciki.

A cikin abin da ya salwanta akwai aikin wani malamin lekol, makarantar boko, daga Ɗan Barto, dogon rubutun da zai miƙa a ƙarshen horonsa. Shafi-shafi yake kawo mini ina bugawa, in na buga sai ya ba yara takardar hannun su yi wasa da ita, don yana ganin aikinsa ya shiga wuri mai tsaro. Da na gaya masa bai ɗaga murya ba. Ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da hularsa, ya ce, "Malama Hadiza, a wurinki kaɗai yake fa." Ya juya ya tafi. Horon nan sai da ya maimaita shi. Har yau in ya shigo gari yana gaishe ni, amma takardarsa wani shagon yake kai wa, kuma ban ga laifinsa ba.

To ki rarrabe na kyauta da na sata. Akwai manhajoji na kyauta na gaskiya, waɗanda masu su suka ƙera suka ce kowa ya ɗauka. Akwai ta rubutu, akwai ta lissafin kaya, akwai ta gyaran hoto, kuma duk abin da ƙaramin shago ke bukata suna yi. Da su nake aiki yanzu, kin gani da idonki, ba su taɓa kulle ni waje ba. Ki sauko da su daga shafin masu su, ba daga wayar wani a tasha ba. In kawunki ya ce akwai wanda zai sa muku masu tsada a banza, ki ce a'a cikin ladabi. Duk saƙon da na'ura ta fito miki da shi ki karanta kafin ki rufe. Kada ki soka kilen baƙo sai kin bincika shi. Kuma duk wanda kika yi wa aiki ki ba shi kofinsa a hannu ranar nan, kada ya zama a wurinki kaɗai yake.

Bayan wannan ne Tsahara ta fara zuwa shago. Kin san ta, shugabar matan Dawce masu matsar man gyaɗa. Ran kasuwa ta shigo tana son in buga mata 'yar takardar da za su liƙa a jikin kwalabe. Muna hira ta ce mansu ya fi na kowa kyau amma iyakarsa kasuwar nan, in ba a saya ba su koma da shi. Maganar ta zauna mini. A lokacin na ji ana maganar bulog, shafin da mutum ke buɗewa ya riƙa rubutu kamar jaridar kansa. Na samu wani kamfani da ke ba da wuri kyauta, na buɗe. Da Hausa na riƙa rubutawa: yadda ake soya gyaɗa, yadda ake matsa, yadda mace za ta gane man da aka gauraya, yadda ake ajiye ƙuli-ƙuli kada ya yi laushi. Daga baya na ƙara zogale da raken ƙasarmu.

Babanki dariya ya yi ta yi mini da farko, yana cewa wa zai bar aikinsa ya karanta labarin ƙuli-ƙuli. Daga baya shi ya fi ni ɗoki. In ya taso daga aiki sai ya ja kujera ya zauna gefena, yana faɗa ina bugawa. Ya ba ni yadda kakansa ke noman gyaɗa a Kurni, da yadda suke gane ƙasar da za ta yi 'ya'ya, da sunayen irin da yanzu ba a shukawa. Yadda ya faɗa haka na buga, har da "ke dai" ɗin nan da yake sa wa a kowace magana.

Kai tsaye nake bugawa cikin shafin. Sau da yawa rezo, layin intanet ɗin, ya yanke rubutu ya tafi, in yi tsaki in sake, ban ɗauki darasi ba. Ban ajiye kofi ko ɗaya a ordinata ba, a ganina abin da ya hau intanet ya hau ke nan. Ashe kamfanin zai rufe. Sun aiko da gargaɗi ta mel, wasiƙar intanet, sun ce kowa ya kwashe kayansa, amma akwatin mel ɗin tun ranar da na buɗe shi ban sake leƙawa ba. Wata safiya na buga adireshin, sai farin allo. Na ɗauka rezo ne. Sai da na gwada a wayar mutane daban-daban na yarda. Babanki ya ce in bar damuwa, ai yana nan, zai sake faɗa mini. Muka yi ta cewa gobe, muka yi ta cewa bayan girbi. Bai sake faɗa ba, Balkisa. Ke da kike tambayata yadda babanki ke magana, da na danna abu guda a wancan lokacin da yau kin karanta da kanki.

Don haka duk abin da za ki rubuta, ki fara buga shi a ordinata ba tare da intanet ba, ki ajiye, sannan ki kwafa ki ɗora. Kowane bulog yana da wurin da ake sauko da duk abin da ke ciki a dunƙule. Ki nemo shi tun ranar farko, ki riƙa saukowa duk wata. Kofi biyu za ki yi, kuma kada su kwana ɗaki ɗaya, don ɓarawo da gobara ba sa ɗaukar ɗaya su bar ɗaya. Wurin da aka ba ki kyauta ɗakin aro ne, mai shi yana iya cewa ki tashi. Ki riƙa buɗe mel ɗinki ko da ba kya jiran kowa.

Tunda na zo nan, bari in ƙara miki ƙanana kafin in manta. Ki rage nauyin hoto kafin ki ɗora, masu karanta ki da ɗan guntun mega na intanet suke shigowa, in hoto ya ƙi buɗewa tafiya za su yi. Ki sa wa na'urarki haruffanmu masu lanƙwasa, kuma ki duba a waya ki ga sun fito. Na taɓa buga wa Tsahara takardun kwalba cike da akwatuna a inda ƙ ya kamata ta zauna, sai da aka liƙa muka gani. In kin rubuta farashi ki sa ranar da kika rubuta, in ba haka ba wani zai zo bayan watanni ya ce ke kika faɗa. Kada ki jona ordinata a bango kai tsaye, wutarmu kin san yadda take dawowa da ƙarfi.

Yanzu ga babbar.

Lawali ni na goya shi. Da mahaifiyarmu ta rasu bai iya wanka da kansa ba. Lokacin da bulog ɗina ya ɓace, shi kuma ya dawo daga Yamai ba aiki, kullum yana zaune a shago. Ya fi ni sanin waya, sai na ce ya buɗe mana sabon shafi, wannan karon mai kyau, da suna namu na kanmu wanda ake biya duk shekara. Yana cikin buɗewa ya ɗago ya ce ana tambayar lambar waya da adireshin mel. Ni kuwa ina tsaye kan injin fotokopi, wani mutum na gaggawar kama mota. Ban ko waiwaya ba na ce, "Sa naka kawai."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Na juya maganar nan a raina fiye da duk wata magana da na taɓa yi a duniya.

Shafin ya karɓu. Ni ke rubutu, ni ke ɗaukar hoto, matan Dawce na matsa, Lawali na kai kaya tasha. Aka fara nema daga Damagaram, daga Maraɗi, daga Yamai, har daga ƙetaren iyaka. Matan nan suka daina komawa gida da mai. Duk masu sayen nan a cikin shafin suke yi mana magana, kuma a can na bar su. Ban taɓa kwafe lambar ko mutum ɗaya na ajiye a wajena ba. Ina jin daɗi ina cewa Allah Ya ba ni ƙane mai amfani.

A cikin wannan jin daɗin na yi wa Tsahara abin da bai kamata ba. Na je Dawce na same ta tana matsa, ta naɗe hannun riga, kallabi ya zame, zufa na zuba. Hoton ya yi mini kyau, na ɗauka ban tambaye ta ba, na ɗora. Wasu marasa kunya suka kwafe shi suka rubuta maganar banza a kai, ya yi ta yawo daga waya zuwa waya har ya kai ga ɗanta da ke ci-rani. Ta zo shago ta zauna, ta ƙi shan ruwan da na ba ta. Ta ce ita mai ta ba ni in sayar, ba ta ba ni kanta ba. Na cire hoton a gabanta, amma daga shafina kaɗai na iya cirewa. Ta yi makonni ba ta zo kasuwa ba. Daga baya ta yafe mini, ta ci gaba da kawo mai, kuma ba ta sake tayar da maganar ba. Kada ki ɗauki hoton kowa sai kin tambaya, kuma ki gaya masa a fili cewa duniya ce za ta gani, ba ke kaɗai ba. In za ki nuna aiki, hannu da kaya sun isa. Abin da kika ɗora ki ɗauka ba zai sauko ba.

Sai babanki ya kwanta. Wannan kin sani, kina nan. Na bar shago, na bar shafi, muna asibiti muna gida, har Allah Ya karɓi abinsa. Na shiga takaba. Lawali ya ce kada in damu da komai, zai riƙe. Ya riƙe kuwa, har yana aiko mana da cefane, ina sa masa albarka.

Da na fita takaba na koma shago, na share ƙura, na kunna ordinata, na buga kalmar sirri. Ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Na ce baƙin ciki ne ya sa na manta. Na danna wurin da ake dannawa in an manta, sai aka ce an tura lambobi zuwa wayar mai shafin. Na zauna ina kallon tawa wayar kamar wawiya, ina jira ta yi ƙara. Can na tuna wayar wa aka sa.

Na kira shi. Ya ce ai canzawa ya yi saboda masu kutse, zai zo ya ba ni sabuwar. Bai zo ba. In na kira ya ce yana hanya, in na sake kira ya ce yana Damagaram wajen kaya. Ina nan sai na ga sunan shafin ya canza. Bayan nan sunana da ke ƙarƙashin kowane rubutu ya ɓace, rubutun kuwa yana nan yadda na yi shi, ko waƙafi ba a taɓa ba.

Na kai ƙara wurin Baffa Alhaji, ƙanen mahaifinmu, tunda shi ya rage mana. Ya tara mu a zaurensa. Na faɗi komai, tun daga kwalaben Tsahara. Lawali yana zaune a ƙasa kansa sunkuye, sai ka ce shi aka zalunta. Da Baffa ya ce ya yi magana, ya ce shi ya buɗe, shi ke biyan sunan duk shekara, shi ya yi ta wahala lokacin da ba na nan. Sannan ya fito da wayarsa ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Yaya, ki nuna wa Baffa inda sunanki yake."

Na karɓi wayar na duba. Babu. Ko'ina shi ne.

Baffa bai san mene ne shafi ba. Ya tambaya ko abu ne da za a iya rabawa biyu kamar gona, aka ce a'a. Sai ya ce in yi haƙuri, ciki ɗaya muka fito, kada abin da ba a iya taɓawa da hannu ya raba zumunci. Ya ce Lawali ya riƙa tunawa da ni. Aka shafa fatiha. Na fito ina jin kamar an yi mini wanka da ruwan sanyi a tsakiyar kasuwa. Na rubuta wa kamfanin da ke riƙe da shafin, suka amsa da ladabi, suka ce in tabbatar ni ce mai shi ta hanyar lambar waya da mel ɗin da aka buɗe da su. Ban ga laifinsu ba. Abin da na gaya musu ranar farko shi suka riƙe.

Lawali ya koma Damagaram ya buɗe buro, wato ofis. Ba a jima ba ya daina sayen man Dawce, ya samu mai araha a wani wurin. Amma rubutuna na yadda ake gane mai tsantsa yana nan a saman shafin, shi ke jawo masa mutane. Ran wata kasuwa Tsahara ta zo da jarkokinta ta jera a ƙofar shagona kamar yadda ta saba. Na fito na gaya mata. Ta dube ni ta ce, "To mu yanzu wa za mu kai wa?" Matar da na kunyata ta yafe mini, ga abin da na saka mata da shi. Na taimaka mata muka mayar da jarkokin kan amalanke.

Na buɗe wani shafin da sunana. Amma masu sayen duk suna can, ba ni da lambar kowa, ba ni da hanyar ce musu na koma nan. Kuma ƙarfin da na yi na farko da shi ya tafi tare da babanki. Shafin yana nan dai, ba mai shiga.

Akwai wauta ta ƙarshe, ita ma ki sani. Wata rana zuciya ta ɗebe ni na shiga shafin Lawali, wurin da masu karatu ke rubuta ra'ayi, na zazzage duk abin da ke cikina, har da kalmomin da ban taɓa faɗa wa mutum ba. Ya goge nan da nan, amma wani ya riga ya ɗauki hoton rubutun. A gidajen biki na garin nan aka riƙa karanta shi. Ba wanda ya ce an cuci Hadiza. Cewa aka yi Hadiza na baƙin ciki da arzikin ƙanenta. Gaskiyata da hannuna na zubar da ita. In ranki ya ɓaci ki ajiye waya, ki tashi ki yi alwala. Abin da kika rubuta cikin fushi ki bar shi ya kwana, da safe ki karanta, za ki ga ba ki son sunanki a kansa.

To yanzu ga ki za ki zauna a buron nan. Ki gaishe shi da ladabi, kawunki ne, ki girmama matarsa, ki ci abincin gidansu ki yi godiya. Amma aiki daban, zumunci daban. Tun ranar farko ki roƙe shi a rubuta mene ne aikinki, mene ne haƙƙinki, ku sa hannu. Zai ce haba, tsakaninmu? Ki yi murmushi ki ce eh, Kawu, tsakaninmu. Ki ce ya buɗe miki ƙofar shiga taki ta kanki da sunanki, ana yi, shafi ɗaya yana ɗaukar marubuta da yawa. Kada ki yi aiki da mel ɗinsa, kada ki ba shi naki. Lambar wayarki ki tabbata da katinki aka yi mata rajista. Kalmar sirrinki kada ta zama sunana ko ranar haihuwarki, kada ki yi amfani da guda a ko'ina, kuma ki kunna abin nan da ke turo lambobi a waya kafin a shiga. Kada ki ba kowa ita. Ko mijin da za ki aura, ko ni. Duk abin da kika rubuta masa ki ajiye kofi da kwanan wata. Kuma kada ki rubuta cewa mai tsantsa ne sai kin ga inda aka matse shi. In ya matsa miki ki rubuta abin da kika san ba haka yake ba, motar Matameye kullum tana tashi, ɗakinki yana nan.

A gefe kuma ki buɗe ɗan bulog naki, ko da mutum uku ne za su karanta. Ki rubuta abin da kika sani. Ranar buɗewa ki zauna ki cike kowane gurbi da yatsunki, ko da gari ne ke ci da wuta a waje.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na zauna buga wannan duka. Ran da muke ninke kayanki kin ce mini, kina dariya amma idonki ba ya dariya, in kika samu kalmar sirrin za ki canza ta ki maido mini da abina. Na yi kamar ban ji ba. Na ji. Kuma ba zan ɓoye miki ba, sai da zuciyata ta yi tsalle. Na yi kwanaki ina hango fuskarsa yana buga kalmar tana ƙi.

Kada ki yi, Balkisa. Ban yarda ba, ban sa ki ba, in kika yi ba da yawuna ba. Zai ba ki amana ne, kamar yadda na ba shi. In kika ci, to gidanmu ya samu mutum biyu masu irin wannan hali, kuma ta biyun ni na haife ta. Shafin nan nawa ne, Allah Ya sani, Lawali ma ya sani. Ban yafe ba tukuna, ina roƙon Allah Ya ba ni ikon yafewa kafin in mutu, amma har yau bai zo mini ba. Wannan tsakanina da shi ne. Ba zan aike ki ki ɗauko mini da hannun da nake so ya kasance mai tsabta ba.

In ya tambaye ki ni, ki ce ina lafiya. Kada ki ƙara komai.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, kullum da safe in na buɗe shago, kafin mutum na farko ya shigo, sai na leƙa shafin kawunki. Ban san me nake nema ba. Tun da ya karɓa ba a ɗora rubutun da na iya karantawa har ƙarshe ba. Daga mako mai zuwa zan fara ganin sabo. Wataƙila ya sa sunanki a ƙasa, wataƙila ba zai sa ba. Ko bai sa ba zan gane hannunki, ni na koya miki inda ake ajiye yatsu. Ki yi shi da kyau, don akwai mai karantawa a nan.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare miki mutuncinki da imaninki. Allah Ya sa ki ci halal, Ya nisanta ki da cin amana da wanda zai ci taki. Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya dawo mini da ke lafiya. Allah Ya jiƙan babanki, Ya haskaka kabarinsa. Ki riƙe salla a kan lokaci, kuma in kin sauka ki kira ni ko da rezo ba kyau, muryar kaɗai ta ishe ni.

Wassalam.

Innarki,
Hadiza